Ɗan Ƙwadagon Fadamar Kebbe: Wa Ke Lissafi Da Shi?

Duk ranar 1 ga watan Mayu, idan na ga shugabannin Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa sun yi anko suna maci a gaban gwamnoni, sai kalmar nan ta "ƙwadago" ta tsaya mini a rai. Mu da muka yi karatun harshe muna da wannan lalura ta bin diddigin kalma. A wurin Bahaushe, ƙwadago shi ne aikin ƙarfi da mutum zai yi wa wani a biya shi nan take, ko na yini ko na jinga. Da aka zo fassara sunan ƙungiyar da aka kafa a 1978, da ma'aikatar gwamnati mai kula da ma'aikata, sai aka ari kalmar aka laƙaba wa masu albashi irina. Shi kuwa mai kalmar na asali aka bar shi a duƙe cikin fangali.

Na sake tuna wannan ne cikin watan Maris na 2024, ana tsakiyar azumi, lokacin da ta'aziyya ta kai ni Kebbe. Daga Sakkwato mutum zai bi hanyar Jega har Tambuwal, sannan ya ratse ya nufi ƙasar Kebbe, wadda ta yi iyaka da jihohin Kabi da Zamfara. Washegari wani ɗan'uwana mai lambu ya ce in raka shi fadama, domin a ranar ake cire masa albasa.

Mun isa rana ba ta gama fitowa ba, amma muka tarar aiki ya yi nisa, domin tun daga sallar asuba suka wuce. Mai karatu, cirar albasa ba aiki ba ne da ake yi a tsaye. Mutum zai duƙa ne ya bi fangali bayan fangali, yana sassauta ƙasa yana tumɓukewa, kuma dole ya yi a hankali, saboda albasar da ta ji rauni ita ke fara ruɓewa a rudu, ta kuma shafa wa 'yan'uwanta. A gefe ga mata da yara zaune a ƙasa suna yanke lawashi, wanda wasunsu za su kai gida su daka su yi gabu. Kafin hantsi ya dubi ludayi zafi ya sauko, irin zafin bazarar ƙasar Sakkwato da kan haura digiri 40, ga bakin kowa da azumi. Ni da ba abin da nake ɗauke da shi sai carbi, tuni na nemi gindin bishiya.

A lambun da ke maƙwabtaka da namu tsinkar tumatir da attaruhu ake yi. Tumatir ba ya jiran kowa. Idan ya nuna yau aka bar shi jibi, ya zama na zubarwa, don haka duk bayan 'yan kwanaki sai an sake bin gonar kaf. Mai tsinka zai cika kwando, ya ɗora a ka, ya taka kunya-kunya cikin taɓo har inda mota za ta iya tsayawa. Attaruhu kuma nasa sharrin daban ne: yini guda a cikinsa ya isa ya sa tafin hannu raɗaɗi har dare, kuma kaiton wanda ya manta ya share gumi daga ido. Na ga wani saurayi goye da tankin feshi, ba takalmi, ba safar hannu, ba ko ƙyalle a hanci, maganin na ɗiga yana bin bayansa.

Da aka ɗan sarara na zauna kusa da wani dattijo cikin masu cirar, na ce, "Baba, sannu da aiki. Shekara nawa kana wannan sana'a?" Ya yi murmushi ya ce, "Mallam, tun ana ban ruwa da jigo ni ka yin ta. Inji ya zo ya ɗauke muna ɗibar ruwa, amma har yau ba mu ga injin da ka duƙawa ba."

Gaskiya ya faɗa. Shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa wa tun farkon shekarun 1990 ya yaɗa rijiyoyin burtsatse da injinan ban ruwa a fadamun Arewa, noman rani ya bunƙasa, ba mai musun haka. To sai dai faɗaɗar lambu na nufin ƙaruwar dashe da cirar ciyawa da tsinka, kuma duk da hannu ake yin su. Hasali ma irin waɗannan shirye-shirye da "manomi" suke magana, wato mai fili. Shi ake rubuta wa suna, shi ake ba taki da iri da bashi. Wanda ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa sai ƙarfinsa, ba gurbin sunansa a takardar.

Ba ina ɗora wa masu lambu laifi ba ne, domin na san halin da ɗan'uwan nawa ke ciki. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin fetur ɗin inji ya ninninka. Mai gidan mai ba a taya masa, mai taki ba ya ragi, dillali a kasuwa sai ya cire la'adarsa ko an ci riba ko an faɗi, direban da zai kai kaya kasuwar Mile 12 ta Legas shi ma ya yanke nasa. A duk jerin nan mutum ɗaya ne kawai ake iya yi wa ciniki a rage, shi ne ɗan ƙwadago, saboda ya san in ya ƙi, akwai goma a bayansa da ba su ajiye abin buɗa baki a gida ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Haka a 2016 da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, jaridu sun cika da labarin tsadar kwando a birane da hasarar masu gonaki, amma ban ga wanda ya lissafa ranakun aikin da masu tsinka suka rasa ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne doka da kanta ta san da su, ta kuma zare hannunta. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019 ta fito fili ta keɓe masu aikin jinga, da masu aikin da ke bin yanayi irin noma, da wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Da aka ɗaga albashin zuwa Naira 70,000 a watan Yulin 2024, wannan togaciya tana nan daram. Mu malamai mun iya yajin aiki, duniya ta shaida mu a kan haka. Su kuwa wa za su yi wa yaji?

A Amurka ma haka dokokin ƙwadago suka tsallake ma'aikatan gona shekara da shekaru, sai da masu tsinkar inabi a jihar Kalifoniya suka shiga yajin aiki a 1965, Cesar Chavez na cikin jagororinsu, kafin jihar ta yi dokar da ta amince da ƙungiyoyinsu a 1975. Namu yanayin daban ne, tunda masu lambunmu ba kamfanoni ba ne, talakawa ne. Amma akwai abin da bai fi ƙarfinmu ba. Ƙananan hukumomin Kebbe da Tambuwal za su iya zama da hakimai da sarakunan noma a tsayar da mafi ƙarancin ladan yini a farkon kowane rani, a kuma hana jinkirta biya har sai an sayar da kaya. Duk shirin da zai raba taki ya haɗa da takalman roba da safar hannu da abin rufe hanci, a miƙa su hannun mai feshin kansa. Malaman gona su riƙa rubuta sunayen 'yan ƙwadago kamar yadda suke rubuta na masu fili.

Da la'asar sakaliya aka ɗinke buhuna, ɗan'uwana ya zaro kuɗi ya sallami kowa. Dattijon nan ya ƙirga nasa sau biyu, ya ƙulle a bakin zane, sannan ya tambaya ko gobe akwai saura. Aka ce masa an gama. Ya saɓa kalmensa ya nufi lambun gaba ya tambaya.