Cocin Wusasa: Ginin Ƙasa da Maginan Zazzau Suka Yi wa Turawan Mishan

Matafiyin da ya fita daga birnin Zariya ya nufi yamma, bai yi nisa ba zai tarar da wani ƙauye a gindin duwatsu, sunansa Wusasa. A can akwai wani tsohon gini wanda baƙo zai iya ɗauka soron wani basarake ne, sai ya lura da gicciye kafin ya gane majami'a ce. Wannan shi ne Cocin Bartalamawus na ɗarikar Angalikan, wanda aka kafa a shekarar 1929, da jar ƙasa da azara, ba da dutse ko bulo ba.

Labarin ya faro ne tun 1900, lokacin da wata ƙungiyar Turawan Mishan ta C.M.S. ƙarƙashin Bishop Tugwell ta isa Kano, Sarki Alu ya sallame su ba tare da ɓata lokaci ba. A cikinsu akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda Hausawa suka sani da Likita Mila. Shi bai haƙura ba. A 1905 ya samu wurin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe makaranta da ɗakin magani, ya kuma duƙufa kan fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, aikin da aka buga cikakke a 1932. Amma zaman Mishan a cikin ganuwa bai kwanta wa masarauta ba, haka ma Turawan mulki, saboda haka a 1929 aka mai da shi bayan gari, wato Wusasa. Wani limamin Kirista mai suna Guy Bullen ne ya jagoranci sabon mazaunin, mutumin da daga baya ya zama mataimakin bishop a Masar da Sudan, ya rasu a hatsarin jirgin sama a 1937.

A ƙasar Ingila, inda waɗannan Turawa suka fito, da wuya a sami ƙauyen da ba shi da tsohon coci. Da yawansu an gina su ne ɗaruruwan shekaru kafin Sarki Henry na Takwas ya raba cocin ƙasarsa da Paparoma a 1534. Suna da hasumiya, da doguwar farfajiyar masu ibada, da maƙabarta a kewaye. Abin lura game da su shi ne, kowane ƙauye da abin da ƙasarsa ta ba shi ya yi gini: masu farin dutse da farin dutse, masu ƙanƙara da ƙanƙara, kuma magina na yankin ne suka yi aikin. To, a nan ne mutanen Wusasa suka yi dabara. Ba su kwaikwayi siffar cocin Ingila ba, hikimar da ke bayansa suka ɗauka, suka kira maginan Zazzau.

Su kuwa maginan Zazzau ba baƙin babban aiki ba ne. Kakansu a sana'a, Babban Gwani Muhammadu Durugu, shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, kusan shekara ɗari kafin haka. Fasahar da ta ɗaga rufin wancan masallaci ita ce ta ɗaga na wannan coci.

Ga yadda abin yake. Ana cuɗa ƙasa da ciyawa, a mulmula tubali da hannu, a shanya ya bushe, sa'an nan a jera shi cikin laka. Bango yana da kauri ƙwarai a gindi, yana sirancewa in ya yi sama, shi ya sa ɗakin ke da sanyi ko da tsakar bazara. Wahalar tana wajen rufi. Azara, wadda ake tsagowa daga giginya, ba ta jin tsoron gara, amma ba ta iya ɗaukar nauyi in tazarar ta wuce kamar ƙafa shida. To yaya za a rufe zauren da zai ɗauki jama'a masu yawa? Sai magini ya dasa azara a jikin bango, ya ɗaure wata a kanta ta ɗan zarce, wata kuma a kan waccan, daga ɓangarori biyu, har su haɗu a tsakiya, a lulluɓe su da laka. Wannan shi ne bakan gizo. Bature ya saba da bakar dutse wadda nauyinta ke riƙe ta, ta Bahaushe kuwa ƙashinta na itace ne, tsokarta ta ƙasa.

Ƙauyen da ya taso a kewayen cocin, da makarantarsa da asibitinsa, ya fid da mutane. A nan Janar Yakubu Gowon, shugaban ƙasa daga 1966 zuwa 1975, ya girma, mahaifinsa yana aikin wa'azi. Daga wannan al'umma Dokta R.A.B. Dikko ya fito, likita na farko a Arewa, haka kuma Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Daga baya Wusasa ta zama mazaunin bishop mai cin gashin kansa.

Sai dai ginin ƙasa ba ya yafe sakaci. Cocin dutse na Ingila zai iya shekaru ba a taɓa shi ba, na ƙasa kuwa yana bukatar a duba shi kafin kowace damina: a toshe tsaga, a gyara indararo, a sabunta yaɓe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Ruwa ya sami ƙofa ɗaya, azara ta jiƙe, sai baka ta fara sunkuyawa. Masu ganin siminti ne magani sun yi kuskure, domin yakan kulle danshi a ciki, bango ya ruɓe ba a sani ba. Kuma magina da suka iya ɗaure bakan gizo suna ta raguwa a Zariya, 'ya'yansu sun koma aikin bulo, giginyar da ake tsaga azara ma sai an yi tafiya mai nisa kafin a same ta.