Man da ke ɓoye cikin dutse: yaya ake lissafin tafiyarsa?

Ƴan kasuwarmu na Maraɗi da Damagaram ba su manta da shekarar 2016 ba, lokacin da naira ta faɗi, masu kai dabbobi da wake Najeriya suka ga kuɗinsu na narkewa a hannu. Tushen abin yana nesa da mu. Gangar ɗanyen mai da ta haura dalar Amurka 100 a tsakiyar 2014 ta sauko ƙasa da 30 a farkon 2016, kuma cikin manyan dalilai akwai man da Amurka ta shiga tatsowa daga duwatsu masu tauri a jihohin Teksas da Dakota ta Arewa.

Da yawa daga cikinmu na zaton mai tafki ne a ƙarƙashin ƙasa. Ba haka ba ne. Mata masu ƙuli-ƙuli sun fi kowa gane wannan: mai yana cikin dutse kamar yadda yake cikin gujiya, sai an matsa yake fitowa. A ƙasa, nauyin duwatsun sama da iskar gas ne ke yin matsin. Tun 1856 wani injiniya Bafaranshe, Henri Darcy, ya auna yadda ruwa ke ratsa yashi a garin Dijon, ya nuna cewa gudun ruwan ya dogara ga ƙarfin matsi da kuma sauƙin hanyar da ke tsakanin ƙwayoyin yashi. Har yau da wannan doka ake aiki.

To amma akwai dutsen da ƙofofinsa suka matse ƙwarai, wanda ya fi dutsen yashi wuyar ratsawa sau dubu ko fiye. Irinsa sai a haƙa rijiya ta nutsa kilomita 2 ko 3, a karkata ta ta kwanta, sannan a tura ruwa da yashi da ƙarfi har dutsen ya tsattsage. Yashin ne ke hana tsagar rufewa. Kamfanin George Mitchell ne ya ci nasarar wannan dabara a 1998 a Teksas, wajen neman gas.

Nan fa lissafi ya yi wuya, tunda babu mai shiga ƙasa ya gani. A 1963 masana biyu, Warren da Root, suka kwatanta dutse mai tsage-tsage na halitta da ƙwayoyin sukari na kwali da aka jera: man na cikin ƙwayoyin, hanyarsa kuma ita ce tsagar da ke tsakaninsu. Mu sai mu ce ƙauyuka da kwalta. Hatsi na cikin rumbunan ƙauye, kwalta ba ta ajiye komi, amma ita ke kai shi kasuwa. Ranakun farko kasuwa na cika da kayan bakin hanya, daga nan sai a jira amalanke ta fito da na lungu, a hankali.

Injiniyoyi na raba dutsen gida-gida cikin kwamfuta, su bi matsi daga wannan gida zuwa wancan. Don su gwada lissafinsu sukan rufe rijiyar, su duba yadda matsin ke dawowa, kamar rijiyar gari da aka bari ta kwana. Saurin dawowar ne ke gaya musu tsawon tsagar da abin da ya rage.

Abin da ya shafi ɗan kasuwa ga shi: irin wannan rijiya takan rasa fiye da rabin abin da take bayarwa cikin shekararta ta farko. Dole a yi ta haƙa sababbi. Idan lissafi ya kuskure aka matso da rijiyoyi kusa da juna, sai su riƙa satar man juna, kuma an sha ganin haka a Teksas. A ganinmu, alƙawarin kamfani game da abin da rijiya za ta bayar cikin shekara 20 ƙiyasi ne kawai, a saurare shi da kunnen mai ciniki.

Man Agadem na jihar Difa, wanda ke zuwa matatar Soraz tun 2011, yana cikin dutsen yashi ne mai sauƙin ratsawa. Sai dai tun 2024 da ya fara bin bututu zuwa Seme ta ƙasar Benin, a kasuwa ɗaya ake sayar da shi da na Teksas, kuma farashin can ne ke bin sa.