Haifaffen Zariya Da Ya Ci Abinci A Kan Ƙanƙara

Daga wakilinmu na Arewa, Mubi

Kwanakin nan hunturu ya sauko Mubi da ƙarfinsa. Iskar da ke gangarowa daga duwatsun Mandara ta sa ko dillalan kasuwar shanu ba su fitowa sai hantsi ya dubi ludayi. Ran nan da sassafe muna teburin mai shayi, kowa ya ƙudundune, sai wani dattijo ya ce sanyin bana saura ƙiris ruwan randa ya daskare. Na ce, "Baba, ai akwai ƙasar da kogi sukutum ke daskarewa. Can har wasa ake yi a kan ƙanƙara, ana biyan 'yan wasan, kuma akwai haifaffen Zariya da ya ci abinci da shi." Aka kwashe da dariya, aka ce ɗan jarida ya fara. To, ga labarin, 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da sauran garuruwan Kurmi ku ma ku sha.

Sunansa Rumun Ndur. An haife shi a Zariya ran 7 ga watan Yuli, 1975, tun ana kiran jihar Arewa ta Tsakiya, kafin a mai da ita Jihar Kaduna. Yana ɗan ƙaramin yaro aka ƙaura da shi Kanada, ya tashi a lardin Ontariyo. Can kuwa yadda yaranmu suka ɗauki ƙwallon ƙafa, haka nasu suka ɗauki hokin ƙanƙara.

Wasan ya yi kama da hokin da ake yi a makarantun sakandare, sai dai filin daskararren ruwa ne, tsawonsa ƙafa 200, faɗinsa 85. Takalman 'yan wasa na da ƙarfe mai kaifi a ƙasa, da shi suke sulɓi kamar iska. Maimakon ƙwallo, wani ɗan baƙin faifan roba mai tauri suke kora da sanda. Kowane gefe mutum shida ne: mai tsaron raga, 'yan gaba uku, da 'yan baya biyu. Ndur ɗan baya ne.

Aikin ɗan baya shi ne ya tare hanya, ya maka abokin gaba da bango, in ta kama ya sa jikinsa faifan ya buge shi don kada ya kai raga. Wanda duk ya taɓa yin gadi a Ikoyi ko Apapa ya san irin wannan aiki. In gida ya kwana lafiya ba mai tunawa da kai, ran da ɓarawo ya haura kuwa, sunanka za a fara kira.

Amma akwai wani aiki na biyu da ba a rubuta shi a takarda ba. A wannan wasa, in mutum biyu suka yar da safar hannu suka kama dambe, alƙalai kan ja baya su bar su, sai ɗaya ya faɗi ko sun gaji a raba, a kai kowanne wani ɗan keji a gefen fili ya zauna minti biyar. Saboda haka ƙungiyoyi kan ajiye ƙarfafa waɗanda za su rama wa gwanayensu in an ci zalinsu. Ndur ƙato ne, kuma wannan kaso ne ya faɗo masa.

Ya yi wasan samari a ƙungiyar Guelph Storm. Cikin 1994, a zaman da manyan ƙungiyoyin NHL kan yi kowace shekara su zaɓi samari bi da bi, Buffalo Sabres ta ɗauke shi, shi ne na 69. Aka fara tura shi ƙaramar ƙungiyarsu ta Rochester, inda suka ci kofin Calder a 1996. A kakar nan kaɗai ya yi zaman keji sama da minti 300. Kaka ta gaba Buffalo ta kira shi, ya zama mutum na farko haifaffen Nijeriya da ya taka ƙanƙarar NHL. Daga nan ya koma New York Rangers, ya yi kakar 1998 zuwa 1999 tare da Wayne Gretzky, wanda ya fi kowa zura faifai da taimakawa a zura in an haɗa, a kakarsa ta ban kwana. Sai Atlanta Thrashers, inda zamansa a babbar gasa ya ƙare a shekara ta 2000.

Ga lissafin abin da ya tashi da shi: wasa 69, ya ci biyu, ya taimaka an ci uku, zaman keji minti 137. Watau kusan minti biyu ke nan a kowane wasa. Wani zai duba ya ce ba a yi abin kirki ba. Ni dai a ganina lissafin ya nuna abin da aka ɗauke shi ya yi ne, kuma ya yi shi. Dubban yaran Kanada da aka haifa da sanda a hannu ba su taɓa samun ko wasa ɗaya a can ba.

Bayan haka sai ci-rani. Ya yi ta yawo a ƙananan gasa, har da Danbury Trashers a 2004, ƙungiyar da wani attajirin kwashe shara ya kafa ya damƙa wa ɗansa mai shekara 17, wadda ta fi suna wajen dambe bisa ga cin wasa. Ya ƙetara Turai, ya yi wasa a Ostiriya, ya yi a Ingila, a Coventry da Nottingham.

Wani ma ya biyo sahunsa daga tsohuwar Arewa: Akim Aliu, haifaffen Okene a 1989, wanda ya yi wa Calgary Flames wasa bakwai. Cikin 2019 ya fito fili ya faɗi irin zagin launin fata da kocinsa Bill Peters ya yi masa shekara goma baya. Ba a yi mako guda ba Peters ya ajiye aiki.