Gammo Tsakanin Kai Da Kaya: Ƙoƙarin Tsawaita Ran Sabon Farantin Sola

Duk wanda ya ga farantin sola a kan rufin asibitin ƙauye ko a bakin rijiyar burtsatse, to, silikon ya gani. Shi ke riƙe da kasuwa, masu ƙera shi kuwa sukan ba da tabbacin shekara 25. Amma yanzu ya sami abokin takara, wani sinadari da ake kira ferobiskait, wanda ya ci sunan wani masanin ma'adinai na Rasha, Lev Perovski.

A shekarar 2009 ne Tsutomu Miyasaka da abokan aikinsa a Japan suka fara gwada shi. Kashi 3.8 cikin ɗari kaɗai na hasken da ya faɗo masa ya iya mayarwa lantarki. Yau a ɗakin bincike ya haura kashi 26, idan kuma aka ɗora shi a kan silikon su biyun sukan haura kashi 33. Ga shi kuma ana iya narkar da shi a shafa kamar fenti, ba sai an hura wuta mai tsanani ba.

Sai dai fa ba shi da jimiri. Danshi yana ɓata shi, zafi ma haka. Wata ɓarnar kuwa daga cikin gida take: aidin da ke jikinsa yakan sulale ya kai ga azurfar da ke kwashe lantarkin, ya cinye ta a hankali.

Mai karatu ya san amfanin gammo. Ba shi ne kayan ba, amma in babu shi tafiya ba ta nisa. Irin wannan dabara masana suka yi: suna sa wata siririyar shimfiɗa tsakanin ferobiskait da ƙarfen, wadda silin gashin kai ya fi ta kauri sau dubbai. Tana tare aidin, tana rage shigar danshi, tana kuma barin lantarki ya wuce ba tare da asara mai yawa a kan iyakar ba. Ɗaya daga cikin abubuwan da aka fi yin ta da su dangin kuza ne, irin wadda aka daɗe ana haƙa a Jos. Wahalar aikin tana wajen awo. In ta yi kauri sai ta toshe lantarkin, in ta cika siranta sai a sami ƙananan huji, aidin ya bi ta nan.

Akwai jarrabawar da farantin kasuwa yakan fuskanta: awa 1,000 cikin zafin digiri 85 da danshi kashi 85. A 2024 kamfanin Oxford PV ya aika wa wani mai saye a Amurka da kashin farko na farantansa masu haɗa ferobiskait da silikon. Wannan ci gaba ne, amma a ganina awa dubu a ɗakin gwaji daban take da shekara ashirin a ranar Sakkwato ko Maiduguri, inda farantin yakan fi iskar da ke kewaye da shi zafi. Akwai kuma dalma a cikinsa, don haka in ya fashe ba abin bari a hannun yara ba ne.