Yadda Ake Auna Tazarar Layin Kaucewa a Dogon Kwaikwayo

Wanda duk ya taɓa bin dogon nan da ya iso Kano cikin 1911 ya san layi ɗaya ne tak. In jirage biyu suka nufo juna, sai ɗaya ya ratse wani gajeren layi a tasha, ya dakata har ɗan'uwansa ya shige. Wannan shi ne layin kaucewa. To, masu gina 'yan jiragen kwaikwayo bisa tebur, sha'anin da mutanen Ingila ke so ƙwarai, su ma tilas su yi shi, nan ne kuwa aikin da yawansu kan ɓaci.

Mu ɗauki ma'aunin da suke kira OO, watau kowace ƙafa ɗaya ta jirgin gaske ta koma milimita 4. Daga tsakiyar layi zuwa tsakiyar ɗaya ake awon tazara, kada a fara daga bakin ƙarfe. A Ingila tazarar nan wajen ƙafa 11 ce da inci 2, milimita 45 ke nan bisa tebur. Faɗin tarago kuwa kamar ƙafa 9 ne, watau milimita 36. Saura 9 tsakanin jirgi da jirgi. A miƙaƙƙen layi wannan ya wadatar.

Amma fa a kwana sai a yi hattara, gama dogo ya kan lanƙwasa, tarago kuwa sandararre ne. Cikinsa ya kan zurma wajen cikin kwana, goshinsa ya leƙa waje. Ga lissafin zurmawar: a auna nisan ƙafafun gaba da na baya, a ninka shi da kansa, sa'an nan a raba da takwas ɗin nisan kwanar daga cibiyarta. In nisan ƙafafu 200 ne, na kwana 438, amsa ta haura milimita 11. Ka ga ta cinye 9 ɗin nan, tun ba a ƙidaya goshin ɗaya jirgin ba, sai karo. Saboda haka kamfanin Hornby ya sa kwanarsa ta fari 371, ta biyu 438, tazara 67. Ba ta da kyan gani, amma jirgi ya tsira. Masu kwana mai faɗi su kan tsaya wajen 50.

Tsawon layin kuma ba daga mararraba ake ƙidaya shi ba, sai daga inda layukan biyu suka rabu har jirgi ba ya gogar jirgi. A jera jirgin da ya fi tsawo tsakanin wuraren nan biyu, a bar masa 'yar rara.

Kafin a buga ƙusa ko ɗaya, a shimfiɗa takarda ƙarƙashin dogo, a riƙe fensir a tsakiyar tarago mafi tsawo, a tura shi bisa layin waje. Kana a riƙe fensirin a kusurwar goshinsa, a tura bisa layin ciki. In zanen biyu suka haɗu, a ƙara tazara, a sake gwadawa.