Ramukan Dajin Kurapati

A gefen arewa na Minsk, babban birnin Belarus, inda titin da ya kewaye gari ya ratsa, akwai wani ɗan daji da ake kira Kurapati. Wanda ya shiga cikinsa a shekarun 1970 ba abin da zai gani sai itatuwa da ciyawa, amma in ya lura da ƙasa zai ga ba ta kwanta daidai ba. Nan ta lotsa, gaba kaɗan ta sake lotsawa, kuma ba irin lotsawar da ruwa ke yi ba ce. Da aka ƙirga daga baya, an sami irin waɗannan wurare 510. Taswirar hukuma ba ta nuna maƙabarta a wurin ba, littattafan makaranta ba su ambace shi ba.

Mutumin da abin ya hana sukuni shi ne Zianon Pazniak, masanin tonon kayan tarihi. Shi da wani injiniya, Yauhen Shmyhaliou, suka riƙa bin dattawan ƙauyukan da ke kewaye da dajin, irin su Tsna da Drazdova da Zialiony Luh, suna tambaya. Bakinsu ya zo ɗaya. Tun daga 1937 manyan motoci ke shiga dajin da mutane su fito wayam. Daga baya aka kewaye wani sashe da shingen katako mai tsayin kusan mita 3, aka sa masu gadi da karnuka. Ana jin harbi dare da rana, har zuwa watan Yuni na 1941. Wasu daga cikin dattawan suna yara a lokacin, sun leƙa ta ƙarƙashin shingen, sun ga abin da suka gani. Pazniak ya ɓoye bayanan nan fiye da shekara goma, domin a zamanin Brezhnev, shugaban Tarayyar Sobiyet wadda Belarus ke cikinta, wanda ya fito da irin wannan magana ya san makomarsa. Sai da shugaba Gorbachev ya sassauta, ran 3 ga Yuni 1988, jaridar marubuta ta Litaratura i Mastatstva ta buga labarin, da gabatarwar fitaccen marubucin ƙasar Vasil Bykau.

Amma shaidar tsofaffi bayan shekara hamsin ba ta isa hujja ba, ko da sun yi ittifaƙi. Dole a tona. A watan Yuli na wannan shekara masu bincike, tare da jami'an ofishin mai gabatar da ƙara, suka buɗe wasu daga cikin ramukan. Suka sami ƙasusuwan ɗaruruwan mutane jibge kan juna. Galibin ƙoƙunan kan suna da huda a ƙeya, alamar an harbi mutum daga baya, kuma daga kusa. Akwai takalma, da tabarau, da mataji, da kofuna, da burushin haƙori, da 'yan jakunkunan kuɗi, wato kayan wanda aka ce masa ya shirya za a yi tafiya. To an tabbatar kisa ne. Saura wanda ya yi.

Nan ne maganar ta yi nauyi, domin akwai wanda ake iya ɗora wa laifin cikin sauƙi. Sojojin Jamus sun kama Minsk ran 28 ga Yuni 1941, suka riƙe ta shekara uku. A yaƙin nan Belarus ta rasa kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu. A Maly Trostenets, kusa da birnin, 'yan Nazi sun kashe dubban mutane, akasarinsu Yahudawa. Saboda haka da wasu tsofaffin 'yan jam'iyyar kwaminis suka tashi a farkon shekarun 1990 suna cewa aikin Jamusawa ne, ba wai maganar ba ta da kan gado ba ce. Sai dai ƙasa ta ƙaryata su. Kwanson harsasan da aka tono yawancinsu na libarba ƙirar Nagant ne, bindigar da jami'an NKVD, 'yan sandan ciki na Stalin, shugaban Sobiyet na lokacin, ke ɗauka. Takalman roba da kuɗin ƙarfen da aka samu na Tarayyar Sobiyet ne, na shekarun 1930. Sannan al'adar 'yan Nazi ce su tuɓe mutane su kwashe kayansu kafin su harbe su, su kuwa waɗannan da tufafinsu da guzurinsu aka binne su. Kwamitin da gwamnatin Belarus ta kwaminis da kanta ta kafa ya ce NKVD ce ta yi kisan, kuma waɗanda ke kwance a wurin ba su kasa 30,000 ba. Pazniak ya ce sun haura 100,000.

Takalman sun ƙara faɗin wani abu. A wasu ramuka na talakawan ƙauye ne, na roba da waɗanda aka ɗinka a gida. A wasu kuma na fata ne masu kyau, da tambarin masana'antun Polan da ƙasashen Baltik. Wannan ya nuna lokacin da aka cika su: bayan 17 ga Satumba 1939, ranar da sojojin Sobiyet suka shiga gabashin Polan suka haɗe yammacin Belarus da gabashinta. Ashe ana cikin shagalin haɗuwar al'umma ɗaya da iyaka ta raba, ana kwaso 'ya'yanta zuwa wannan daji.

Tambayar da ta fi damuna ita ce ta ƙarshe. Me zai sa gwamnatin Sobiyet ta yi wa Belarus haka, alhali ita ce ta gina mata kusan duk abin da ake kira ƙasa? Wannan ba zuƙi ba ne. A ƙarƙashin sarakunan Rasha ana ɗaukar Belarusanci a matsayin karin harshen ƙauyawa, ba shi da gurbi a makarantar gwamnati. 'Yan kwaminis ne suka buɗe Jami'ar Belarus a 1921, da Cibiyar Al'adun Belarus a 1922, wadda ta zama babbar cibiyar kimiyya ta ƙasa a 1929. A 1924 aka ƙaddamar da manufar mayar da makarantu da kotuna da ofisoshi ga harshen ƙasa. A 1924 da 1926 aka yanko yankunan Vitebsk da Mogilev da Gomel daga Rasha aka ƙara wa jamhuriyar. Tambarin ƙasar na 1927 yana ɗauke da rubutu cikin harsuna huɗu: Belarusanci, Rashanci, harshen Polan, da Yiddish na Yahudawa. Abin ya yi armashi har masu kishin ƙasa da ke gudun hijira suka fara dawowa. Vaclau Lastouski, wanda ya taɓa jagorantar gwamnatin 'yan adawa a waje, ya dawo a 1927 ya kama aikin bincike.

Amsar tana cikin dalilin da ya sa Mosko ta yi wannan alheri tun farko. Yarjejeniyar Riga ta 1921 ta bar rabin 'yan Belarus a hannun Polan, ana so su hango gabas su yi sha'awa. Ana kuma so manomi ya ji saƙon jam'iyya da harshen da yake fahimta. Harshen hanya ce kawai ta isar da saƙo. Da Stalin ya fara ƙwace gonaki yana tilasta noman gandu a 1929, manoma suka turje, sai lissafin ya juye. Malamin ƙauye da mawaƙi da mai haɗa ƙamus, waɗanda jiya ake yi musu tafi, suka zama mutanen da ka iya haɗa kan manoma, kuma a bakin iyakar abokiyar gaba. Kamar manomi ne da ya yi shuka, ya yi noma, ya yi maimai, sai da gero ya fitar da kai ya cinna masa wuta don tsoron kada wani ya girbe.

A 1930 'yan sandan ciki suka ƙirƙiro wata ƙungiya da babu ita, wai ta 'yantar da Belarus, suka kama mutum 108, yawancinsu malamai da marubuta. Babban mawaƙin ƙasar, Yanka Kupala, ya yi yunƙurin kashe kansa bayan tambayoyin da aka yi masa. Shugaban farko na cibiyar kimiyya, Usevalad Ihnatouski, ya harbe kansa a watan Fabrairu na 1931. A 1933 gwamnati ta sauya ƙa'idojin rubutun harshen da doka don ya matso kusa da Rashanci. Branislau Tarashkevich, wanda ya rubuta nahawun 1918 da aka yi watsi da shi, an karɓo shi daga kurkukun Polan a 1933 ta hanyar musayar fursunoni, aka harbe shi a 1938. Lastouski ma a 1938 aka harbe shi a Saratov. A daren 29 zuwa 30 ga Oktoba 1937 kaɗai, an kashe fiye da mutum 100 a kurkukun NKVD na Minsk, cikinsu har da marubuta Mikhas Charot da Ales Dudar da Mikhas Zaretski da Platon Halavach, da marubutan Yiddish Moyshe Kulbak da Izi Kharik. Ba a ba iyalansu gawa ba, ba a nuna musu kabari ba.

Gine-ginen kuwa ba a rushe ko ɗaya ba. Jami'a na nan, cibiyar kimiyya na nan, a 1945 har kujera aka ba Belarus a Majalisar Ɗinkin Duniya. Mutanen ciki aka kawar, waɗanda suka gaje su kuma sun fahimci darasin. Iyaye suka gane Rashanci ne harshen samun aiki da zaman lafiya, har ya kai a shekarun 1980 da wuya ka sami makarantar da ke koyarwa da Belarusanci a manyan birane.

Shi ya sa tonon ramukan bai tsaya a kan ƙasusuwa ba. Ran 30 ga Oktoba 1988, lokacin Dziady, ranar tunawa da magabata, dubban mutane suka fito a Minsk, 'yan sanda suka tarwatsa su da kulake da barkonon tsohuwa. Daga wannan yunƙuri ƙungiyar Pazniak ta Popular Front ta yi ƙarfi. A watan Janairu na 1990 aka yi dokar da ta mai da Belarusanci harshen hukuma, a 1991 ƙasar ta sami 'yanci. Ba a je ko'ina ba, a watan Mayu na 1995, shugaban ƙasa Lukashenko ya shirya ƙuri'ar raba gardama da ta dawo wa Rashanci matsayinsa, shekara guda bayan haka Pazniak ya bar ƙasar. A watan Afrilu na 2019 hukuma ta sa aka tumɓuke alamun gicciye kusan 70 da jama'a suka kafa a gefen dajin.

An san wanda ya yi harbin, an san shekarun, an san dalili. Abin da ya rage shi ne sunaye, kuma wannan ba aikin mai tono ba ne. Hukumar da ta gaji NKVD a Belarus, wadda har yau sunanta KGB, ita ke riƙe da takardun shari'ar waɗanda aka kashe, kuma ta hana masu bincike shiga su duba. Jikokin mutanen nan suna da haƙƙin sanin inda kakanninsu suke, ya kamata a buɗe musu takardun.