Kafin A Ba Malami Aji, A Tambayi Inda Ya Baro

A watan Oktoba na 2019, ana tsaka da maganar fim ɗin binciken BBC da ya fallasa malaman jami'a masu neman ɗalibai mata da lalata a Legas da Ghana, wata tsohuwar ɗalibar Jami'ar Ahmadu Bello ta fito ita kaɗai a Kaduna ɗauke da kwali. Ƙorafinta ɗaya ne: malamin da aka kora daga Zariya bisa wannan laifi, ga shi nan yana koyarwa a Jami'ar Jihar Kaduna. Sai da ta tona ne jami'ar ta dakatar da shi, daga baya ta sallame shi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, tsakanin Zariya da Kaduna tafiyar awa ɗaya ce. Takardar korar tana ajiye a ofis, amma sai da yarinya ta saida kunyarta a bainar jama'a kafin a duba.

Mu a Kontagora wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da muka taso muka gani ta zama jami'a, kuma sabuwar jami'a ɗaukar malamai take yi, na dindindin da masu zuwa na wucin gadi daga wasu makarantu. 'Ya'yanmu mata daga Rijau, Mariga, Magama da Mashegu ke cika azuzuwan, da yawansu da kyar aka shawo kan iyayensu suka bar su suka wuce sakandare. Ranar da aka taɓa ɗaya, uba goma ne za su ce tasu ta dawo gida.

Yadda ɓarnar ke tafiya sananne ne. Kwamiti ya zauna, laifi ya tabbata, sai manya su shiga tsakani: a rufa masa asiri, yana da iyali. A ce ya ajiye aiki da kansa, ya fita da takarda fes, ya nufi wata makaranta. Asirinsa ya rufu, an kuma miƙa masa 'ya'yan wasu.

A Amurka, jihar Washinton ta yi doka a 2020, Kalifoniya ta bi a 2023: mai neman aiki a manyan makarantu dole ya bayyana ko an taɓa samun sa da wannan laifi. Dokar Washinton har ta wajabta a tuntuɓi inda ya baro. A nan, Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin Sanata Ovie Omo-Agege a 2020, mai tanadin ɗauri har shekara 14 ga malamin da ya aikata wannan laifi, amma Shugaba Buhari ya sauka bai sa hannu ba. Ɗauri kuwa sai bayan ɓarna yake zuwa.

Ba na goyon bayan a hana mutum abinci kan jita-jita, domin ƙazafi zalunci ne babba. Hukuncin da kwamiti ya tabbatar bayan an saurari malamin, shi za a tambaya, shi za a faɗa. Mu da ba ma aurar da 'ya sai mun aika an binciko halin mai nema har garinsu, me zai hana a yi wa mai riƙe da makinta?

Ina roƙon majalisar gudanarwar jami'armu, da na jami'o'in Lapai da Minna: ku sa tambayar a fom ɗin neman aiki, ku rubuta wa tsohuwar makarantarsa, kuma in an tambaye ku, ku faɗi gaskiya.